Sharhin Son Zuciya Da Martanin Masu Motocin Haibirid: Inda Suka Yi Gaskiya, Inda Suka Kauce

A watan Maris na 2007, jaridar ɗalibai ta Jami'ar Central Connecticut da ke Amurka ta buga wani sharhi da ya yi iƙirarin cewa Toyota Prius, motar da ta yi suna wajen tsimin mai, ta fi ƙatuwar Hummer cutar da muhalli. Cikin makonni kaɗan maganar ta bar harabar jami'a, ta shiga gidajen rediyo da alƙaluman manyan marubuta, ciki har da George Will na jaridar Washington Post. Daga nan ta zama abin da ake yi wa duk mai irin wannan mota gori da shi.

Masu motocin ba su haɗiye ba. Sun bi lissafin layi-layi, sun aika wa editoci wasiƙu, sun fito da rasiɗan gidajen mai, wasu ma sun garzaya kotu. A wasu lokuta sun tilasta wa manyan kafafen yaɗa labarai yin gyara. A wasu lokutan kuma bincike ya nuna mai sharhin ne ke da gaskiya, kamfanin da ya ƙera motar ne ya cika baki. Batun ya wuce na masu sha'awar motoci, domin mota na cikin abubuwa mafi tsada da iyali kan saya, kuma gwamnatoci na dogara da irin waɗannan alƙaluma wajen yanke haraji da ba da tallafi.

Yadda motar ke aiki, da abin da ya sa gwaji ke iya yaudara

Motar haibirid 'yar ruwa biyu ce: tana da injin fetur, tana da injin lantarki, da kuma babban batir. Toyota ta fara sayar da Prius a Japan a watan Disamba na 1997, Honda kuma ta shigar da Insight kasuwar Amurka a ƙarshen 1999.

Tsiminta daga wurare uku yake fitowa. Idan direba ya taka birki, ƙarfin da a motar gama-gari kan tashi a banza ya zama zafi, a nan injin lantarki ne ke mayar da shi caji. Idan motar ta tsaya a danja ko cunkoso, injin fetur kan mutu da kansa. Sannan injin fetur ɗin an ƙera shi ne domin tsimi, lantarki kuma ya cike masa giɓin ƙarfi a lokacin tashi.

Wannan na nufin ribarta ta fi fitowa a cikin gari, inda ake tashi ana tsayawa. A babbar hanya da gudu mai yawa ribar kan ragu. A filin tsere kuwa, inda ake take totur har ƙasa, batirin kan zama ƙarin nauyi kawai. Saboda haka wanda ya zaɓi wurin gwaji ya riga ya zaɓi rabin sakamako tun kafin a tayar da mota. Kusan duk rigimar da ta biyo baya a kan wannan gaɓa take.

Hummer da Prius: lissafin da aka gina a kan zato

Tushen iƙirarin 2007 wani rahoto ne mai suna Dust to Dust, na kamfanin binciken kasuwa CNW Marketing Research da ke jihar Oregon. Rahoton ya ce ya auna makamashin da mota ke ci tun daga haƙo ƙarfenta har ranar da za ta faɗa hannun 'yan gwangwan. Sakamakonsa: Prius na cin dala 3.25 a kowane mil, Hummer H3 kuma dala 1.95.

Masu Prius da masana sun gano inda gizo ke saƙar. Rahoton ya ɗauka cewa Prius za ta yi mil 109,000 kacal a duk rayuwarta, kimanin kilomita 175,000. Ya ba Hummer H3 mil 207,000, ya ba Hummer H1 mil 379,000. Duk wanda ya taɓa raba kuɗin sayen babur da yawan kwanakin da zai yi aiki ya san abin da hakan ke haifarwa: idan aka gajarta rayuwar abu a takarda, dole kuɗin kowace rana ya yi sama.

Zaton kuwa bai yi daidai da abin da ke ƙasa ba. A jihar California, garantin batirin Prius na wancan lokaci shekara 10 ne ko mil 150,000, wato garantin kansa ya fi tsawon rayuwar da rahoton ya yanka wa motar. A 2011 mujallar Consumer Reports ta gwada wata Prius ƙirar 2002 da ta haura mil 200,000, ta samu shan manta kusan daidai yake da na irinta da ta gwada tana sabuwa shekara goma baya.

A watan Mayu na 2007, Peter Gleick na Cibiyar Pacific ya fitar da martani da ya nuna wata matsalar. Nazarce-nazarcen da aka saba yi a wannan fanni sun nuna cewa kaso mafi tsoka na makamashin motar fetur a kan hanya ake ƙona shi, a shekarun da ake tuƙa ta. Rahoton CNW ya juya lamarin, ya ɗora mafi yawan nauyin a kan ƙira da sauran matakai, kuma bai bi ta hannun masana masu tantancewa ba kafin ya fita.

Labarin Sudbury

Ɓangare na biyu na zargin ya shafi ƙarfen nikel da ke cikin batir. An riƙa yaɗa cewa ma'adinar Sudbury da ke lardin Ontario na Kanada ta mayar da yankin kufai saboda batirin Prius, har 'yan sama-jannatin Amurka na zuwa can atisaye domin wurin ya yi kama da duniyar wata.

Tarihi bai goyi bayan wannan ba. An fara narka ƙarfe a Sudbury tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma ɓarnar da hayaƙin ya yi wa itatuwa ta faru ne shekaru da dama kafin a ƙera Prius ta farko. An kammala doguwar bututun hayaƙin masana'antar a 1972, aka fara shirin sake dasa itatuwa a 1978. 'Yan sama-jannatin Apollo sun je wurin a 1971 da 1972 domin nazarin duwatsun wani tsohon rami da faɗowar dutse daga sararin samaniya ta haifar. Mafi yawan nikel na duniya a lokacin ƙarfen da ba ya tsatsa ake yi da shi, irin na cokula da tukwane. Jaridar Mail on Sunday ta Birtaniya, wadda ta buga labarin, daga baya ta cire shi daga shafinta bayan ƙorafin masu karatu.

Cire labarin bai kashe shi ba. Bayan shekara guda ya sake bayyana a ɗaya daga cikin shirye-shiryen motoci da aka fi kallo a duniya.

Top Gear: nishaɗi ko gwaji?

A watan Yuni na 2008, shirin Top Gear na BBC ya sa aka tuƙa Prius da iyakar gudunta har zagaye goma a filin tserensa, Jeremy Clarkson na biye da ita cikin BMW M3 mai silinda takwas. Da aka auna, Prius ta yi mil 17.2 a galan ɗin Birtaniya, M3 ta yi 19.4. A lissafin da aka saba da shi a nan, kimanin kilomita 6 a lita ke nan ga Prius, kusan 7 ga M3. Clarkson ya kuma maimaita labarin nikel na Kanada.

Alƙaluman ba lallai ne a ce ƙarya ba ne. Abin da masu Prius suka ƙalubalanta shi ne tsarin gwajin: an wahalar da ƙaramin inji mai lita 1.5 har iyakar ƙarfinsa, yayin da babban inji mai lita 4 ke bin sa cikin natsuwa. Babu mai zuwa aiki ko kai yara makaranta da ke tuƙi haka. Clarkson kansa ya rufe da cewa yadda mutum ke tuƙi ya fi irin motar da yake tuƙawa tasiri, amma abin da ya zauna a zukatan masu kallo shi ne motar tsere ta kayar da motar tsimi.

Kotun Ingila ta taɓa duba irin wannan ƙorafi. Kamfanin Tesla, mai ƙera motocin lantarki zalla, ya kai BBC ƙara a 2011 kan wani sharhin Top Gear na 2008, ya kuma sha kaye har a Kotun Ɗaukaka Ƙara a 2013. Daga cikin dalilan kotu akwai cewa mai kallo mai hankali ba zai ɗauki tuƙin filin tsere a matsayin tuƙin kan titi ba. Hukuncin ya wanke gidan talabijin ɗin, amma a fakaice ya tabbatar da hujjar masu ƙorafi: gwajin filin tsere ba ma'auni ba ne ga mai son sanin man da zai riƙa saya kowane mako.

Kuskuren da aka amsa

Ba kowane sharhi mara daɗi ne ke fitowa daga son zuciya ba. A fitowarta ta Afrilu 2006, Consumer Reports ta lissafa kuɗin mallakar motocin haibirid shida na tsawon shekara biyar da tafiyar mil 75,000, ta ce babu ko ɗaya da za ta mayar wa mai ita ƙarin kuɗin da ya biya. Masu motocin suka yi ca a kan lissafin. Cikin kwanaki mujallar ta fitar da gyara: ta yi kuskure wajen lissafin faɗuwar darajar motocin, abin da ya kumbura kuɗin. Bayan gyara, Prius ta fito da rarar kimanin dala 400, Honda Civic Hybrid kimanin dala 300. Sauran huɗun dai sun ci gaba da zama masu tsada.

Wannan misali na nuna bambancin da ke tsakanin kuskure da son zuciya. Mujallar ta bayyana yadda ta yi lissafinta, shi ya sa aka iya kama kuskuren, ta kuma gyara a bainar jama'a. Sannan gyaran bai ba masu motocin cikakkiyar nasara ba, domin hukuncin farko ya tsaya a kan huɗu cikin shida.

Lokacin da mota ta zama tutar jam'iyya

Babu motar da siyasa ta yi wa katutu kamar Chevrolet Volt, haibirid da ake yi wa caji a soket, wadda ke yin kimanin mil 35 da lantarki kafin injin fetur ya karɓa. Kamfanin General Motors ya fara nuna samfurinta a Janairu 2007, kuma rangwamen haraji na dala 7,500 ga masu sayen irinta Shugaba George W. Bush ne ya sa masa hannu a 2008. Amma da gwamnatin Barack Obama ta ceto kamfanin daga durƙushewa a 2009, sai masu adawa suka laƙaba wa motar sunansa.

A 2011 wata Volt ta kama da wuta makonni uku bayan hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka ta yi gwajin karo da ita. Hukumar ta buɗe bincike, kamfanin ya ƙara wa batirin kariya, aka rufe binciken a Janairu 2012 ba tare da samun cewa motar ta fi masu fetur haɗarin gobara ba. A wannan watan shugaban kamfanin, Dan Akerson, ya shaida wa Majalisar Wakilai cewa an mayar da motar abin duka na siyasa. Wani mai gabatar da shiri a Fox News ya ba da labarin cajinta ya ƙare masa a cikin wani ramin mota na New York kamar wani abin kunya, alhali komawa kan fetur a irin wannan lokaci shi ne ainihin aikin da aka ƙera ta ta yi.

Martani ya zo daga inda ba a zata ba. Bob Lutz, tsohon mataimakin shugaban General Motors, mai ra'ayin 'yan mazan jiya wanda ba ya ɓoye shakkunsa kan ɗumamar yanayi, ya rubuta a mujallar Forbes yana caccakar kafafen ɓangarensa kan yadda suke ba da labarin motar. Da Newt Gingrich, mai neman takarar shugaban ƙasa a jam'iyyar Republican, ya yi shaguɓen cewa ba a iya kafa maratayin bindiga a cikin Volt, wani mai motar ya kafa shi a tasa, ya ɗauki bidiyo ya saki. A binciken gamsuwa na Consumer Reports na 2011, kashi 93 cikin 100 na masu Volt sun ce za su sake sayen ta, adadin da ya ɗora ta a sahun farko.

Inda masu sharhi suka yi gaskiya

Da labarin ya tsaya a nan, da sai a ce duk mai sukar haibirid maƙiyinta ne. Bai tsaya ba. Takardar da Hukumar Kare Muhalli ta Amurka, EPA, ke liƙa wa sababbin motoci ta daɗe tana nuna Prius na yin mil 55 a galan, kimanin kilomita 23 a lita. Masu sharhi sun riƙa cewa ba sa samun haka. Daga motocin ƙirar 2008 hukumar ta sauya tsarin gwajinta, ta shigar da gudu mai yawa, kunna na'urar sanyaya mota da tuƙi cikin sanyi. Motar ba ta sauya ba, amma adadinta ya sauko zuwa mil 46, ƙasa kaɗan da kilomita 20 a lita.

A Disamba 2012, Consumer Reports ta ce Ford C-Max Hybrid, wadda aka tallata da mil 47 a galan, mil 37 ta yi mata. A Agusta 2013 Ford ta rage adadin zuwa 43, ta biya waɗanda suka saya dala 550 kowanne. Ashe wata ƙa'idar EPA ce ta ba kamfanin damar ɗora wa C-Max sakamakon gwajin wata motarsa, Fusion, saboda injinsu da rukunin nauyinsu ɗaya ne, duk da cewa C-Max ta fi tsayi kuma iska ta fi riƙe ta. A 2014 aka sake rage adadin zuwa 40. A wannan karon masu motocin da masu sharhi a layi ɗaya suka tsaya.

Kotu ma ta ga irin wannan. A Fabrairu 2012 wata tsohuwar lauya a California ta ci Honda dala 9,867 a kotun ƙananan ƙararraki, bisa cewa Civic Hybrid ɗinta ba ta kai mil 50 da aka tallata ba. A watan Mayu babbar kotu ta soke hukuncin, tana mai cewa adadin na gwamnatin tarayya ne. A ƙarar haɗin gwiwa da aka sasanta kuwa, kowane mai mota ya tashi da dala 100 zuwa 200, lauyoyi kuma da kimanin dala miliyan 8.

A Turai, rahoton Hukumar Tarayyar Turai na Maris 2024, wanda aka gina a kan na'urorin auna mai da ke cikin motocin da aka yi wa rajista a 2021, ya nuna haibirid masu caji a soket na fitar da hayaƙin kabon da ya ninka na ɗakin gwaji sau uku da rabi. Babban dalili shi ne masu su ba sa yi musu caji yadda tsarin gwajin ya zata.

Kowa da nasa son zuciyar

Ruwa ba ya tsami banza. Yawancin 'yan jaridar motoci aron mota suke karɓa daga kamfanoni na 'yan kwanaki, kamfanonin ne kan ɗauki nauyin tafiyarsu zuwa bikin ƙaddamarwa, su ne kuma ke ba kafafensu talla. Da yawansu sha'awar gudu da ƙarar inji ce ta kawo su aikin, saboda haka motar da aka ƙera don ta yi shiru ta yi tsimi kan faɗi jarrabawar da ba ita ta zauna ba. Consumer Reports ta bambanta ne saboda da kuɗinta take sayen motocin gwaji kuma ba ta karɓar talla.

Masu motocin ma ba alƙalai ba ne. Wanda ya biya ƙarin kuɗi yana da buƙatar ya gamsar da kansa cewa bai yi asara ba, kuma wanda motarsa ta yi abin kirki ya fi saurin fito da alƙalumansa. A 2005 wasu masoya Prius sun yi kusan mil 1,400 da tanki ɗaya a kusa da Pittsburgh, ta hanyar zagaya gajeriyar hanya guda cikin lallaɓawa. Wannan ma gwaji ne da aka zaɓa wa wuri, kamar na Top Gear, sai dai ta ɗaya gefen. Abin da ya ba martanin masu motocin ƙarfi shi ne lokutan da suka kawo abin da kowa zai iya dubawa: takardar garanti, shekarar da aka gina masana'anta, layin da aka yi kuskure a lissafi.

Abin da ya shafi mai saye a Najeriya

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura naira 1,000 a gidajen mai da dama kafin ƙarshen 2024. Motoci da yawa da ake shigowa da su na hannu daga Amurka suke fitowa, kuma sharhin da mai saye kan gani a intanet an yi shi ne kan sabuwar mota, a wani yanayi, da wani ma'auni. Galan ɗin Amurka lita 3.8 ne, na Birtaniya lita 4.5, kuma rikita su kaɗai ya isa ya sauya sakamako da kashi 20 cikin 100.

Tambayoyin da masu Prius da Volt suka yi wa masu sharhinsu su ne za su yi wa mai saye a Kano ko Kaduna amfani. A wace irin hanya aka yi gwajin, cunkoson gari ko babban titi? Wa ya ba da motar, wa ya biya kuɗin tafiya? An bayyana yadda aka yi lissafin? Akwai kuma waɗanda sharhin ƙasashen waje ba zai amsa ba. Zafi da shekaru na rage ƙarfin batir, kuma fankar da ke sanyaya batirin Prius daga cikin motar take jan iska, don haka ƙurar hunturu na iya toshe ta. Kafin a biya kuɗi, ya kamata bakaniken da ke da na'urar duba batir ya auna lafiyarsa, a kuma san farashin sauya shi a kasuwar kayan gyara mafi kusa, domin wannan kuɗin ne zai nuna ko tsimin man zai biya kansa.